Layi Na Biyu a Takardar Falmata

Kyari mai wankin hula ba ya dangwala yatsa a takardar da Ambrose bai karanta masa ba. Duk wanda ya san shi a Fagge ya san wannan. Asalin abin kuwa, shekara ashirin da suka wuce wasu mutane suka zo masa da takarda suka ce ta gyaran kwata ce, ya dangwala. Bayan sati biyu aka tashe shi daga rumfarsa ta bakin kasuwar Sabon Gari, aka nuna masa yatsansa a ƙarƙashin rubutun da ke cewa ya yarda ya tashi. Ambrose mai kemis, maƙwabcin rumfar, shi ya karanta masa takardar daga baya, bai rage ko kalma ɗaya ba, bai kuma tausasa masa ba. Tun daga ranar, takardar haya ce ko ta makarantar yara ko ta asibiti, sai ta bi ta hannun Ambrose.

Ranar wata Juma'a da hantsi Kyari ya kawo matarsa Falmata wani ƙaramin asibiti a Fagge. Cikinta na huɗu ke nan. 'Ya'yansu uku duk mata, Jawahir ce babba, kuma duk ukun da tiyata aka ciro su. Wannan karon likita ya ce ba za a jira naƙuda ba, ta kwana a asibiti, Asabar da safe a yi aiki.

Wadda ta karɓe su Sista Obiageli ce, ungozomar da ke duba Falmata tun fara awo. Haifaffiyar Sabon Gari ce, Hausarta ta fi ta Kyari fita. Ta ba Falmata gado, ta auna ta, sannan ta ajiye takarda da kwalin tawada a kan tebur.

"Malam Kyari, dangwala nan."

"Me ta ce, Sista?"

"Takardar aiki ce, irin wadda ka saba."

Kyari bai iya karatu ba, amma ba makaho ba ne. Mutumin da ke gane hular kowa cikin hula ɗari biyu ba a rubuta suna ba, ba za a canza masa zane ya kasa gani ba. Takardun baya uku, layi ɗaya ake rubutawa da hannu a tsakiya. Wannan layi biyu ne, kuma biron na biyun ya fi na farkon baƙi. Ya ɗaga kai ya dubi matarsa. Falmata na zaune a bakin gado tana kallon kumburarrun ƙafafunta.

Sai aka leƙo aka kira Sista, wata ta zo da naƙuda. Tana fita Kyari ya ninke takardar huɗu, ya cire hula, ya sa ta ciki ya mayar kansa.

"Malam, ina za ka?" in ji Falmata.

"Yanzu zan dawo."

"Ka dangwala kawai mana ka tafi masallaci. Kullum sai an je Sabon Gari?"

Shekararsu goma sha huɗu tare, ba ta taɓa ce masa ya dangwala wani abu ba. Ita ce ma ke tuna masa ya kai wa Ambrose in ya manta. Kyari ya tsaya a bakin ƙofa ya sake dubanta, ba ta ɗago ba. Ya fita. A ransa ai aikin sai gobe, Sabon Gari kuwa ga ta nan, tsallaka mararrabar Bata ne kawai.

Ya sami Ambrose shi kaɗai a kemis yana ƙirga wa wata tsohuwa ƙwayar hawan jini. Gashin Ambrose ya yi fari fat, tabarau ɗinsa an ɗaure ƙafa ɗaya da zare.

"Babarbare, yau kuma wa zai ƙwace maka rumfa?"

"Bar wasa. Karanta min."

Ambrose ya sallami tsohuwar, ya ware takardar, ya matsa bakin ƙofa inda haske yake. Ya karanta sama, ya karanta tsakiya. Sai ya cire tabarau ya goge shi da gefen riga, abin da Kyari bai taɓa ganin ya yi kafin ya faɗi abin da ke cikin takarda ba.

"Layi na farko, ka yarda a yi mata tiyata a ciro yaro."

"Na biyun fa?"

"Ka yarda, in an ciro, a ɗaure mata hanyar ƙwai gefe biyu. Abin da kuke cewa juya mahaifa."

"Na shekara nawa?"

"Ba shekara, Kyari. Shi ke nan. Ba za ta ƙara haihuwa ba."

Kyari ya zauna a kan bencin masu jiran magani. Mahaifinsa Malam Bahauddeen ya rasu a gidan Kyari na Rijiyar Lemo, kuma kafin ya rasu Kyari ya yi masa alkawarin zai mayar da sunansa. Mata uku ya samu, bai yi ƙorafi ba, ya yanka musu raguna kamar kowa. Amma sunan na nan a ajiye. Yanzu ga shi wata da biro za ta rufe ƙofar, a kuma sa shi ya rufe da yatsansa bai sani ba.

"Wato haɗa baki suka yi," in ji shi. "Ita da Sistar. Irin wadda ka saba, wai. Ni za a mayar ɗan yaro."

"Ba daidai ba ne a ɓoye maka," in ji Ambrose. "Wannan kam zan faɗa ko a gabanta. Amma ba a rubuta wa mace wannan don sha'awa. Tiyata huɗu ba wasa ba ce." Ya mayar da tabarau ya dubi Kyari ta samansa. "Wancan karon, da aka sallame ku daga babban asibiti, ai suna ba da kati. Na farko ka kawo min, na biyu ka kawo min. Ina na ukun?"

"Ya ɓace."

"Kai da ke ajiye rasit ɗin wuta na shekara goma a leda?"

Kyari ya kau da kai ya dubi titi. Katin bai ɓace ba, yana ƙasan akwatin Falmata. Shekara biyu da rabi da suka wuce, wani dogon likita ya tsayar da shi a baranda ya ce mahaifar matarsa ta yi siriri a wurin ɗinkin kamar ledar burodi, kada ta sake ɗaukar ciki, in ta ɗauka tana iya fashewa. Ya ce ya rubuta a kati, Kyari ya je ya yi wa matarsa bayani in ta farfaɗo. Kyari ya ce to. Da ya shiga ɗaki ya ga Falmata tana shayar da jaririya, sai ya ce mata likita ya ce komai lafiya. A ransa ya ce likita ba shi ke raba kwana ba. Ita ce takarda ɗaya tilo da bai taɓa kai wa Ambrose ba, don ya san abin da ke ciki, ya kuma san Ambrose ba zai tausasa ba.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro, ya ga lamba ce mai ƙarewa da bakwai uku, ta Sista. Ya kashe.

"Ɗauka mana."

"Takardarsu suke nema. Su jira."

Ta sake yin ƙara, ya sake kashewa. A na uku Ambrose ya miƙo hannu ya fizge wayar, ya danna, ya kara masa a kunne.

"Malam Kyari, kana ina?" Muryar Sista ce, amma ba irin ta ɗazu ba. "Ina takardar da na ajiye? Naƙuda ta taso wa matarka, jini na zuba. Likita na hanya. Duk inda kake ka zo yanzu."

Kyari bai san lokacin da ya fito titi ba. Ambrose ya biyo shi ya cusa masa takardar a hannu, ya tsayar masa da adaidaita sahu, ya ce wa direban Fagge, kada ya ɗauki kowa.

Sun yi gudu kamar na minti uku. A Bata komai ya tsaya. Wata babbar mota ɗauke da dilolin atamfa ta gitta a mararraba tana neman juyawa zuwa kasuwar Kwari, masu baro sun cika gefe, masu babur sun cusa kai ta ko'ina har ba inda allura za ta bi. Direban ya kashe inji.

"Ka bi ta can mana."

"Ta ina, Baba? Sai dai in tashi sama. Kuma ko mun wuce nan, yau Juma'a, an rufe hanyar masallaci."

Sai a lokacin Kyari ya ji lasifika, liman ya hau huɗuba. Ya miƙa wa direban abin da hannunsa ya ciro, ya diro. Shekararsa arba'in da tara, rabonsa da gudu tun yana saurayi. Ya ratsa tsakanin baro da baro, gwiwarsa ta bugi ƙarfe bai tsaya ba. Da ya shigo Fagge sai ya tarar da abin da ya sani zai tarar, sahu ya fito daga masallaci ya cinye titi, darduma jikin darduma har bakin shaguna. Mutumin da bai taɓa tsallake kafaɗar kowa a sahu ba, ranar ya bi ta tsakiyar mutane da takalmi a ƙafa.

"Malam, lafiya? Ba ka ganin mutane?"

"Kai Kyari, ina za ka ana huɗuba?" Wannan wani mai kawo masa wankin hula ne.

Ya ci gaba da kutsawa. Waya na ta ƙara a aljihu, ba ya iya tsayawa ya ɗauka, kuma tsoron abin da za a faɗa masa yake ji. Abin da ke yawo a kansa kawai muryar dogon likitan nan ce, da kalmar ledar burodi.

Ana tayar da sallah ya shiga asibitin. Gadon da ya bar Falmata a kai babu kowa, an yaye zanen. Wata mai shara na goge ƙasa, ruwan bokitinta ja. Silifas ɗin Falmata na ƙarƙashin gado, ɗaya a kife.

"Ina take?"

Matar ta nuna masa ƙarshen baranda da haɓa, inda ƙofa mai fentin kore take. Ya je ya tsaya. Ya ɗaga hannu zai buga, ya sauke. Ya fi minti ashirin a tsaye, har aka idar da sallah a waje, hayaniyar titi ta dawo. Sannan ƙofar ta buɗe, Sista Obiageli ta fito cikin koriyar riga, ta ja ƙyallen bakinta ƙasa.

"Tana da rai," ta ce tun kafin ya tambaya. "Tsohon ɗinkin ne ya fara buɗewa. Da an ƙara rabin awa da wata maganar muke yi. An ciro, mace ce, tana numfashi. Na faɗa maka tun yanzu don kada gobe ka ce na ɓoye."

Kyari ya jingina da bango.

"Wa ya ba ku izini? Takardar na hannuna."

"Ita. Na kawo sabuwa ta dangwala kafin a yi mata allurar barci. Jikinta ne, ba yarinya ba ce, ba ta haukace ba. Layi biyun duka ta dangwala." Ta dubi agogon bango. "Amma likita ya ji ka gudu da ta farko. Ya ce aikin layi na biyun ba zai taɓa ba sai ya ga hannunka. Bara wani miji ya zo mana da 'yan uwansa da sanduna a kan irin wannan, ya ce ba zai sake ba. Yanzu yana ɗinke mahaifa. Saura minti goma ko ƙasa. In ya rufe ciki ya rufe."

"Ke kika yaudare ni, Sista. Kika ce irin wadda na saba."

"Na yi. Ban yi daidai ba, in kana so ka kai ƙarata ka kai, zan amsa." Ba ta sauke ido ba. "Ranar da matarka ta fara zuwa awo ta kawo min tsohon kati. Na karanta mata. A ƙasa an rubuta an yi wa miji bayani, ya ce ya gane. Ta ce in sake karantawa. Na sake. Ta zauna kan bencin can har aka tashi awo. Wata huɗu tana jira ka faɗa mata da bakinka."

Sista ta ci gaba.

"Na ce mu kira ka mu zauna. Ta ce in ka ji za ka ce a bar wa Allah, kuma ba ta iya musu da kai. Ta ce tana da yara uku da ba ta so wata ta raina mata. Shi ya sa na rubuta layin, na yi shiru."

"Ba wata hanya? Allura, ko abin nan na hannu?"

"Akwai. Suna aiki, wani lokaci suna kucewa, wani lokaci miji ya ce a cire. Ita ta san mijinta, ta zaɓi wannan. Ni dai abin da na gani da idona yanzu a ciki, mahaifar nan ba za ta ɗauki na biyar ba."

Daga cikin ɗakin wata murya ta kira Sista. Ta waiwaya ta ce tana zuwa.

"Malam Kyari, ba ni da lokacin rarrashi. E ko a'a. In a'a ce, zan koma in faɗa, a rufe, in ta farka kai za ka gaya mata, ba ni ba."

Kyari ya dubi takardar da ke hannunsa. Gumi ya jiƙa ta, ninkin ya fara yagewa. Ga layin farko, ga na biyu mai baƙin biro. Yau ya san abin da kowanne ya ce, ba wanda zai ce an rufe shi. Ya tuna tsohonsa a kan tabarma yana riƙe da hannunsa. Ya tuna silifas ɗin da ke kife a ƙarƙashin gado. Sunan Malam Bahauddeen zai zauna a ajiye ke nan har shi ma ya bi shi, kuma 'yan uwa na Maiduguri za su tambaya, kowace sallah sai sun tambaya.

"Kawo tawadar."

Ta ciro kwalin daga aljihun riga, ashe da shi ta fito. Ya danna babban yatsa, ya ɗora takardar a bango ya dangwala. Ta karɓa ta duba.

"Bai fito ba. Baƙi ne kawai, ba zane."

Shekara talatin na sabulu da sitaci sun cinye masa zanen yatsan dama. Ya sake dannawa da ƙarfi, takardar ta ɓule a wurin.

"Kawo na hagu," in ji ta. Ta kama hannun da kanta, ta danna a tawada, ta ɗora a gefen da bai jiƙe ba, ta mirgina shi a hankali. Wannan ya fito. Ta tura ƙofa da kafaɗa ta shige.

Kyari ya zauna a ƙasa nan bakin ƙofar. Sai a lokacin ya ga jini a wandonsa wajen gwiwa, ya kuma tuna bai yi Juma'a ba. Ya tashi ya yi alwala a famfon tsakar gida, ya yi azahar raka'a huɗu a kan kwali. Tawadar ba ta fita da ruwa ba. Ambrose ya kira, ya ce masa tana da rai, mace aka samu. Ambrose ya ce madalla, bai tambayi zancen takarda ba.

Sai bayan la'asar aka bar shi ya shiga. Falmata na kwance, ana ƙara mata jini a hannu ɗaya, ruwa a ɗayan. Leɓenta ya bushe ya yi fari. Jaririyar na gefe cikin zani, 'yar mitsitsiya, da gashi cike da kai. Kyari ya ɗauke ta ya yi mata kiran sallah a kunne, ya mayar da ita. Ya jawo kujera ya zauna.

"Sannu," ya ce.

Ta buɗe ido. Ba fuskarsa ta kalla ba, hannuwansa ta kalla, na dama da na hagu.

"Ambrose ya karanta maka?"

"Ya karanta."

"Duka?"

"Duka."

Fanka na juyawa a sama tana ƙara. A gadon kusa wata mata na waya tana faɗa wa wani ya kawo ruwan zafi.

"Wancan katin," in ji Kyari. "Likitan ya faɗa min. A baranda. Ni ne ban..."

"Na sani, Malam."

"Na san kin sani. Ina so dai in faɗa."

Ta rufe ido. Ya zaci barci ya sake ɗauke ta, har ya fara miƙewa. Sai ta yi magana, idon a rufe.

"Jawahir ba ta san inda na ajiye kuɗin cefane ba. Suna cikin gwangwanin madara, bayan buhun gero. Ka je ka duba su, ba su ci komai ba tun safe."

"To."

"Ka taho min da wani zanin. Wancan ya ɓaci."

Ya sunkuya ya ciro silifas ɗinta daga ƙarƙashin tsohon gadon, ya kawo ya jera su a gefen wannan, ya gyara hularsa, ya fita neman abin hawa zuwa Rijiyar Lemo.